Ranar da Aka Dawo Mana da Shararmu

Jiya kwatar bayan gidanmu ta cinye mini takalmi, na ƙafar hagu, wanda bai daɗe da dawowa daga wajen mai gyara ba. Na shigo gida ina ɗingishi, sanye da koriyar riga mai gajeren hannu da aka rubuta wa "Muryar Matasa" a ƙirji, ga furfura ta jiƙe sharkaf. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in tsaya a tsakar gida ta kawo buta tukuna, don ba ta yarda muryar matasa ta taka mata tabarma da wannan ƙafar ba. Tunda kun saba jin kukana a wannan fili, bari in gaya muku yadda aka yi mutumin da ya doshi sittin, mai jikoki, ya zama wakilin matasan Ƙofar Gayan kan sauyin yanayi.

Farkon daminar nan wani saurayi mai sheƙi ya zo majalisarmu, wato dakalin da muke zama bayan la'asar a ƙofar shagon Sabo tela. Sunansa Zaharaddini. Muƙaminsa kuwa sai da ya tsaya ya numfasa kafin ya gama faɗa: Mai Taimaka wa Babban Mai Taimaka wa Mai Girma kan Damawa da Matasa a Harkokin Muhalli da Sauyin Yanayi. Mai Girman da yake nufi ba zan kama sunansa ba, ina da iyali. Mu dai a layinmu Mai Almakashi muke ce masa, domin ba mu taɓa ganinsa a hoto ba sai da almakashi a hannu yana shirin yanka kirtani. Saurayin ya ce zamani ya canja, duniya ta ce a riƙa jin ta bakin matasa, saboda haka a ba shi matashi ɗaya da zai wakilci unguwa a babban taro.

Dattawa suka dubi juna. A cikin ganuwa ba a tura yaro gaban manya. Yaro zai shiga da takalmi, ya miƙa wa babba hannu, ya kalle shi cikin ido, gobe a ce 'ya'yan gidan wane ba su da tarbiyya. Aka yi ta lalube ana neman wanda yake yaro amma ya iya gaisuwa. Sabo ne ya warware matsalar, ko ɗaga kai daga keken ɗinki bai yi ba. Ya ce ai ga Yari nan zaune, wato ni, har yau Goggonsa tana aikensa sayen goro, in ya daɗe kuma ta yi masa faɗa a gaban mutane. Aka ce wallahi haka ne. Aka shafa fatiha, aka miƙo mini riga da hular hana-salla, na zama matashi ban tashi daga inda nake zaune ba.

Goggon da Sabo yake nufi ita ce Goggo Huseina, ƙanwar mahaifina, wadda ta rage mana cikin tsofaffin gidanmu. Tana zaune a ɗakin ƙasa na can ƙuryar gida, wanda mahaifinta ya gina da hannunsa. Mun yi, mun yi ta koma ɗakin bulo, ta ce ita ba burodi ba ce da za a saka ta a tanda. Bayan ɗakin nan kwata ta bi, wadda take kwashe ruwan layinmu gaba ɗaya ta kai shi tsohon kududdufin da kakanni suka haƙi ƙasar gini. To kududdufin an cike rabinsa da shara an yanka filaye, kwatar kuma ta toshe da leda. Ga ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Sai ya ɓace har a fara maganar roƙon ruwa, sannan ya zo a fusace ya juye na wata guda kafin liman ya idar da salla. Bara ruwa ya kwanta a gindin bangon Goggo har ya tsage, tsagar da nake zura hannu a ciki. Kowa a gidan ya san in aka sake irin na bara, bangon nan ba zai ga kaka ba.

Wadda ta ɗauki abin da zafi ita ce Radiya, 'yar ƙanena. Ta gama karatunta kan muhalli, tana zaune a gida tana jiran aiki kamar sauran 'ya'yan mutane. Ita da Goggo kullum cikin tsokanar juna suke irin ta kaka da jika, amma a ɗakin take kwana. Da ta ji an naɗa ni wakilin matasa ba ta yi dariya a gabana ba, yarinyar tana da kunya. Sai da ta shiga ɗaki na jiyo su ita da Goggo suna ƙyaƙyatawa. Bayan ta fito ta zaunar da ni ta koya mini abin da zan faɗa: a daina cike kududdufi, a buɗe magudanan ruwa kafin damina ta yi nisa, sannan in za a yanke shawara kan unguwa a saka waɗanda za su rayu a cikinta nan gaba. Na haddace tsaf, har ina bita a masallaci tsakanin magariba da lisha, Allah ya yafe mini.

Taron a wani otal aka yi shi, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, a bayansa janareto yana ta tuƙa hayaƙi don mu ji daɗin tattauna gurɓatar iska. Na duba sauran wakilan matasa, hankalina ya kwanta. Na gefena da sandarsa ya zo. Na bayana ya tambaye ni ko na san maganin ciwon gwiwa. Matasan gaske suna waje, su ne masu jera kujeru da raba ruwan leda. Manya suka yi ta jawabi, kowa ya ce matasa ne ƙashin bayan al'umma, aka tafa. Da aka zo kaina na miƙe na fara gaisuwa yadda aka tarbiyyantar da ni, kowane babba da muƙaminsa da kirarinsa, domin in ka tsallake ɗaya ka ja wa unguwarku. Ina sauke gaisuwar ƙarshe, na buɗe baki zan ce kududdufi, sai mai gabatarwa ya karɓe abin magana ya ce an gode wa matasa da wannan gudummawa mai ma'ana. Abu ɗaya na tsira da shi. Wajen fita na tari Zaharaddini na gaya masa zancen kwata, idonsa ya yi haske, ya ce dama ana neman inda Mai Girma zai ƙaddamar da yashe magudanan ruwa.

Na dawo ina taƙama na kawo wa unguwa aiki. Ashe Radiya ba ta jira ni ba. Ta bi samari da 'yan matan layi, masu gyaran waya, masu acaɓa, ɗalibai, har abokan karatunta daga Wusasa, ta kira gayya irin wadda iyayenmu suke yi a gona. Suka yi asabar da lahadi suna yasa, da shebur da baro da manjagara na aro. Mata suka dama kunu aka fitar musu. Kwatar da na manta tana da ƙasa sai ga ta fes. Da aka yi wani ɗan ruwa a makon, ya bi ta ya wuce abinsa, bangon Goggo ko jiƙa bai yi ba. Ranar na ji daɗi har cikin raina, na kuma ji kunyar rigar da ke rataye a ɗakina.

Sai ga Zaharaddini ya zo duba wurin biki. Ya tsaya a bakin kwata, ya leƙa, ya cire tabarau ya sake leƙawa. Na zaci zai yi murna. Fuskarsa ta koma kamar wanda ya zo ɗaurin aure ya tarar an watse.

"Malam Yari, ina sharar?"

Na ce yara sun kwashe.

"Da izinin wa?"

Ya ce shi ya riga ya kai rahoto cewa kwatar Ƙofar Gayan ta fi kowace toshewa, an gayyaci masu kyamara, an yi odar shebur na musamman. Yanzu Mai Girma ya zo ya ƙaddamar da me? Ya tsaya a kan kwata mai tsabta ya yashe iska? Ya ce wannan zagon ƙasa ne ga shirin damawa da matasa, kuma matasan ne da kansu suka yi shi. Mafita ɗaya ce, a mayar da shara, na ɗan lokaci kawai, Mai Girma ya ɗebi shebur ɗaya a ɗauki hoto, sannan motoci su zo su kwashe sauran.

Aka kai magana majalisa. Ku da ba 'yan cikin gari ba za ku ce ai nan take aka kore shi. Ba ku san mu ba. Mu mutane ne da in baƙo ya ce zai zo, ko bashi za mu ci mu yanka kaza. A ce babban mutum ya taso takanas don ya yi mana aiki, ya tarar mun riga shi, ai mun kunyata baƙo, kuma za a daɗe ana faɗa. Dattawa suka ce a yi haƙuri a mayar, ba a san inda za a sake haɗuwa ba. Radiya tana tsaye daga nesa, ta durƙusa ta nemi izinin magana, abin da ban taɓa ganin 'ya mace ta yi a dakalin nan ba.

"Baffa, ku yi mini afuwa. Hadari yana haɗuwa kullum. In aka toshe kwatar nan ruwa ya sauko, ɗakin Goggo ne zai tafi. Ba hoto ba ne a cikin ɗakin, mutum ce."

Wani dattijo ya ce yarinya ta yi magana mai kyau, Allah ya yi mata albarka, ta shiga gida manya za su duba. Da ta shiga, manya suka duba, suka ce a mayar da shara. Ni wakilin matasa ina zaune a wurin, aka tambaye ni ra'ayin matasa, na ce matasa suna tare da iyayensu.

Jama'a, dole in yaba wa hukuma a nan, don ba kullum ake kushe ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin motar shara a layinmu ba sai ranar. Ta zo a kan lokaci, da ma'aikata sanye da kayan aiki, ba wanda ya nemi na goro. Abin da ya bambanta kawai shi ne kawowa ta yi, ba ɗauka ba. Kuma da yake tamu ta riga ta tafi, daga wata unguwa aka ɗebo mana. Sabo ya zagaya ya duba, ya dawo ya ce gaskiya an mutunta mu, sharar masu kuɗi ce, har da gwangwanin madara irin wadda ba mu taɓa sha ba.

Aka sa rana, aka ɗaga. Mai Girma ya tafi ƙasar waje taron ceto duniya daga ambaliya. Aka sake sa wata, aka ɗaga, ya tafi hutawa daga gajiyar taron. Shara tana kwance tana jiran almakashi, ta fara wari, sauro ya samu gidan haya. Samari suka ce za su kwashe, dattawa suka ce kul, an yi alkawari da baƙo. Radiya ta daina yi mini magana sai gaisuwa. Kullum da yamma sai in gan ta a bayan ɗaki tana kallon gabas, ni ma in na faki ido sai in kalla. Goggo kuwa ta ce ba inda za ta, ɗakin ubanta ya ga ruwan da ya fi wannan.

Jiya dai Allah ya yi. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura kirtani kore daga wannan bakin kwata zuwa wancan. Aka kawo shebur ɗin na musamman a kan faranti, an shafa masa ruwan zinariya, da safar hannu fara. Mai Almakashi ya iso bayan azahar da jerin motoci, aka shigo da tasa har bakin rumfa don kada ya taka ƙasa. Ni aka tsayar kusa da shi cikin koriyar rigata, wadda ta ɗame mini tumbi. Matasan gaske aka ce su tsaya bayan igiya, kada su ɓata hoto.

Ana cikin jawabi na uku gabas ta yi baƙi ƙirin. Mai jawabin ya ɗaga kai ya ce wannan alama ce ta albarka, ya ci gaba. Iska ta taso ta ɗauke hular wani babba. Mai Girma ya miƙe, ya karɓi almakashi, yana cewa daga yau an kawo ƙarshen ambaliya a wannan yanki, sai sama ta buɗe.

Ban taɓa ganin manya sun yi gudu irin na jiya ba. Rumfa ta kife. Ruwan layi gaba ɗaya ya gangaro ya iske kwata a toshe, ya tsaya ya yi shawara, ya juyo kanmu. Kafin a ce haka ya kai gwiwa, sharar masu kuɗi tana yawo a kai. Motar Mai Girma ta sha ruwa ta mutu. Aka ja shi da sauri aka shigar da shi zauren gidanmu, takalmansa a hannun wani. Zaharaddini ya tsaya a kan dakali yana ɗaga murya, ina matasa, a zo a tura mota. Duk jama'a suka juyo suka kalle ni.

Matasan kuwa sun tsallake igiya tun tuni, amma ba wajen mota suka nufa ba. Radiya ce a gaba, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Wasu suka faɗa kwata suna yaye shara da hannu, wasu suka yi cikin gida. Na tsaya da rigar wakilci a jikina, na ga ruwa yana dukan gindin bangon Goggo. Na fizgi shebur ɗin zinariya daga faranti na shiga. Ɗiba ɗaya na yi ya lanƙwashe kamar cokalin roba, ashe ba a yi shi don shara ba. Na jefar, na sa hannu kamar kowa. A nan laka ta kama takalmina ta ƙi saki, na bar mata.

Muna cikin haka na ji wani ƙara mai nauyi a bayana. Bangon ne ya zauna, rabin ɗakin ya bi shi. Na shiga ƙwala wa Goggo kira. Sai da wani yaro ya girgiza ni ya ce an fito da ita, tana zaure. Samari biyu ne suka ɗauko ta a kan kujerarta tana ta yi musu faɗa wai sun bar mata butarta. Ba na jin kunyar faɗa muku, na yi kuka a cikin kwatar nan, ruwan sama ya rufa mini asiri.

Da aka buɗe hanya ruwa ya fara ja, na shiga zaure na tarar da abin da taron otal bai iya haɗawa ba. Mai Girma zaune a kan tabarma, ba takalmi, ba lasifika, ba hanyar fita. Goggo a gefe an lulluɓe ta da bargo. Radiya a durƙushe a gabansa, laka har gira, tana yi masa bayanin kududdufi da filaye da magudanan ruwa, tiryan-tiryan, ba mai karɓe abin magana. Ya saurara har ƙarshe, don ruwa bai ɗauke ba. Goggo ta dube shi ta tambaya ko shi ne mai sharar. Ya ce a'a Hajiya, shi mai kwashewa ne. Ta ce to Allah ya ba da lada, a zo a kwashe ɗakin ma. Ya yi gyaran murya, ya ce lallai za a kafa kwamiti, kuma za a saka matasa a ciki. Yana faɗa yana kallona.

Yau da safe na ji a rediyo cewa Mai Girma ya jagoranci matasa cikin ruwan sama sun yashe magudanar ruwa, an kuma yaba da jajircewarsa. Ban ƙarasa ji ba, domin hayaniya ta cika bayan gida. Na leƙa na tarar da yaran jiya sun dawo. Sun tara jar ƙasa, sun zuba ruwa, sun naɗe wando suna cuɗawa da ƙafa, wani tsohon magini yana nuna musu yadda ake dunƙula tubali. Goggo tana zaune a inuwa tana ba da umarni, ta ce a mayar mata da tagarta daidai inda ubanta ya sa ta. Radiya ta ɗago ta ce, "Baffa, ina kwana," da irin muryar da ta daɗe ba ta yi mini ba.

Ina komawa dakali sai ga Zaharaddini, da sabon tabarau. Ya ce albishir, Mai Girma ya ji tausayin abin da ya faru, zai zo da kansa ya jajanta, ya kuma aza tubalin farko na sabon ɗaki. Saboda haka kada a taɓa komai, a bar ɓaraguzan yadda suke har a sa rana. A matsayina na wakilin matasa, ni zan kai musu wannan saƙo yanzu-yanzu. Na dubi dattawa, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sabo ya ci gaba da taka kekensa.

Na ce ranka ya daɗe, an gama, saƙo ya kama hanya. Kuma ban yi ƙarya ba, yana hanya. Sai dai daga dakalin Sabo zuwa bayan gidanmu akwai 'yar tafiya, ni kuma matashi ne mai ciwon gwiwa da takalmi ɗaya. Na tambayi maginin, ya ce in rana ta yi kirki, bango zai kai kafaɗa kafin Juma'a ta sama. Ina sa ran isa wurin jim kaɗan bayan an ɗora rufi.